Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyayenmu bishop-bishop na Cocin Katolika a kan yadda ake yi da ƙara idan an kawo ta a kan fada

Ya ku iyayenmu a cikin Ubangiji, masu girma bishop-bishop, salamar Almasihu ta kasance tare da ku.

Ni 'yarku ce, a cocin nan aka yi min baftisma tun ina jaririya, a nan aka ɗaura min aure, kuma shekara da shekaru kenan ina koyar da yara katikizim, wato darasin bangaskiyar Katolika, kafin su karɓi tarayya ta farko. Na faɗi wannan tun farko ne dan kada wani ya karanta yace ai maƙiyan coci ne suka sake tasowa. Ni ba inda zani, nan ne gidana, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in fara rubutawa in goge, saboda yadda muka tashi ba a ɗaga murya a gaban fada balle bishop. Amma shirun ya fara yi min nauyi a ƙirji duk ranar da na tsaya gaban yaran nan ina ce musu coci uwa ce.

Abin da ya sa na kasa haƙura wani abu ne da ya faru a ikilisiyar da nake zuwa, bazan faɗi suna ko wuri ba. Wata Lahadi muka zo mas muka tarar da wani fada daban a bagade, aka yi sanarwa a taƙaice cewa namu ya tafi ƙarin karatu, mu sa shi a addu'a. Muka sa shi kuwa, har wasu suka yi kuka dan mutum ne mai faran-faran da jama'a. Sai bayan wajen shekara guda wata uwa da muke zumuntar mata tare ta riƙe hannuna a bayan coci ta gaya min ita ce ta kai ƙara a kan abin da ɗanta yace an yi masa, yaron yana cikin masu hidima a bagade. Sau uku tana zuwa ofishin dayosis, wato yankin ikilisiyoyin da bishop ke shugabanta. Zuwan farko aka ce bishop baya nan, na biyu wani babban fada ya zaunar da ita yayi mata nasiha a kan gafara da rufin asiri, na uku aka ce ana dubawa za a kira ta. Ba wanda ya ɗauki biro ya rubuta abin da ta faɗa a gabanta, ba wanda ya bata ko 'yar takarda mai nuna ta zo, ba wanda ya tambayi yadda yaron yake kwana. Kiran bai zo ba. Abin da ya zo shine labarin an ga fadan a wata ikilisiya mai nisa yana mas, da yara masu hidima a gefensa.

Ni ba alƙali bace kuma ban yanke wa mutumin nan hukunci ba. Damuwata ita ce ba a bincika ba. In ya aikata, to an ɗauke shi an miƙa masa wasu 'ya'yan mutane, in kuma bai aikata ba, an barshi da tabon da raɗe-raɗi zai bishi dashi har kabari, ita kuma uwar an barta da ɗa wanda ya daina shiga coci kwata-kwata. Duk ta inda aka duba an cuci wani.

Iyayenmu, kun fi ni sanin cewa wannan salon na ɗauke mutum a sauya masa wuri a yi shiru ba yau ya fara ba, kuma shine ainihin abin da ya jawo mana duk wannan bala'in. A watan Janairun 2002 jaridar Boston Globe a Amurka ta fara bankaɗo labarin Fada John Geoghan, wanda mutum sama da 130 suka zarge shi da lalata su suna yara, kuma abin da ya girgiza mutane har ya fi laifin shi kansa shine manyansa sun sani, suna ta yawo dashi daga wannan ikilisiya zuwa waccan shekara da shekaru. Kadinal Bernard Law ya sauka daga kujerarsa a Disambar shekarar, amma a 2004 aka bashi shugabancin ɗaya daga cikin manyan majami'un Roma, Santa Maria Maggiore. Ku auna yadda waɗanda aka lalata wa rayuwa suka ji da wannan labarin. Daga nan ƙasa bayan ƙasa abin ya dinga fitowa. Binciken da bishop-bishop na Amurka suka sa aka yi ya fito a 2004 da fada 4,392 da aka zarga da mutum 10,667 da suka kawo ƙara tsakanin 1950 da 2002. A Jamus a 2018 aka samu malaman coci 1,670 da yara 3,677. A Faransa a 2021 kwamitin da Jean-Marc Sauvé ya jagoranta ya ƙiyasta yara 216,000 daga 1950, in an haɗa da ma'aikatan coci waɗanda ba fada ba adadin ya kai 330,000. Na kan tsaya a kan lambar nan in kasa wucewa, dan kowane ɗaya yana da uwa kaman wacce ta riƙe hannuna.

Rahoton da ya fi taɓa ni shine na Dublin a ƙasar Ailan a 2009, wanda Alƙali Yvonne Murphy ta jagoranta. Abin da suka gano shine hankalin shugabannin dayosis ɗin ya karkata ne ga riƙe sirri, gudun abin kunya, kare sunan coci da kare dukiyarta, lafiyar yara kuma aka tura ta baya. Ba mutanen banza bane waɗannan shugabannin, masu addu'a ne masu ilimi, kuma da yawansu sun yi imani coci suke karewa. Wannan ne ya sa abin yake bani tsoro, dan mutumin kirki ma zai iya faɗawa ramin nan yana ganin alheri yake yi.

Na sha jin ana cewa wai wannan matsalar turawa ce, wai mu bamu da irin ta tunda ba a ji ba. Dan Allah a daina faɗin haka. A taron da Fafaroma Francis ya kira a Vatikan a watan Fabrairun 2019, inda shugabannin bishop-bishop na duk duniya suka zauna, Sista Veronica Openibo 'yar Najeriya ta tsaya a gabanku ta faɗa muku ƙarara cewa abin yana faruwa a Afirka da Asiya ma, kuma al'adar shiru ce take rufe shi. Hukumar binciken da gwamnatin Ostareliya ta kafa, wacce ta gama aiki a 2017, ta gano cewa a tsakanin faruwar abin da ranar da mutum zai iya buɗe baki ya kai ƙara ga coci ana ɗaukar kimanin shekara 33. Shekara talatin da uku fa. Kenan yaron da aka taɓa yana ɗan shekara goma sai ya haura arba'in kafin ya iya furtawa. To dayosis ɗin da take alfahari da cewa fayil ɗinta babu ƙara ko ɗaya, wataƙila lokacin ne bai yi ba, ko kuma babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ko an ƙwanƙwasa ba a rubuta ba. A wancan taron dai Kadinal Reinhard Marx na Jamus ya amsa da bakinsa cewa an lalata fayiloli da za su tona masu laifi, wasu ma ba a taɓa buɗe su ba.

Bazan yi rashin adalci ba, nasan an yi gyara a dokoki kuma gyara mai yawa. Tun 2001 Fafaroma John Paul na biyu ya mayar da shari'ar lalata da yara ƙarƙashin ofishin koyarwar bangaskiya a Roma dan kada ta tsaya a hannun bishop shi kaɗai. A 2010 Fafaroma Benedict ya tsawaita wa'adin kawo ƙara zuwa shekara 20 bayan mutum ya cika 18, kuma ana iya ɗage wa'adin ma. A Mayun 2019 aka fitar da dokar nan Vos estis lux mundi wacce ta wajabta wa kowane fada da kowace sista su kai rahoto in sun ji ko sun ga alama, ta wajabta wa kowace dayosis ta buɗe hanyar kai ƙara wacce jama'a suka sani kuma mai sauƙin isa cikin shekara guda, ta hana a tilasta wa mai ƙara yin shiru, ta kuma ce a karɓe shi da mutunci a saurare shi a taimaka masa har da likita. A Disambar 2019 aka cire sirrin Fafaroma, wato dokar riƙe sirri mai tsanani ta coci, daga irin wannan shari'ar. A 2020 aka fitar da littafin jagora ga bishop-bishop mataki-mataki, a 2021 aka sake rubuta sashen hukunci na dokokin coci, aka cire laifin nan daga inda ake lissafa shi a matsayin karya alƙawarin fada aka maida shi cikin laifukan keta rai da mutuncin ɗan Adam. A 2023 aka tabbatar da Vos estis ta zama ta dindindin. Duk wannan na sani kuma na gode wa Allah.

To amma ga tambayata, uwar nan da ta je ofis sau uku, wanne ne daga cikin waɗannan ya isa gare ta? Littafin jagoran na 2020 ya faɗa a fili cewa a guji sauya wa wanda ake zargi wuri kawai kaman nisanta shi ya magance matsalar. Ya ce ko wasiƙar da ba suna ce kada a jefar da ita haka nan. Dokar coci mai lamba 1717 ta ce in bishop ya samu labarin da yake da kamannin gaskiya ya buɗe binciken farko, a rubuce, a ajiye takardun. Mai lamba 1722 ta bashi ikon dakatar da mutum daga hidima a bainar jama'a ko hana shi zama a wani wuri kafin a gama. Duk yana nan a rubuce. Amma in kun fita bakin ƙofar coci ranar Lahadi kun tambayi mutum ɗari ina ake kai ƙara in fada yayi ba daidai ba, nawa ne za su iya faɗa muku? Ni da nake hidima shekara da shekaru ban taɓa ganin an manna lambar waya a allon sanarwa ba, ban taɓa jin an karanta a mas ba, alhali sanarwar baiko da ta ginin coci kowane mako sai mun ji ta sau biyu.

Inda nake ganin gizo yake saƙa shine an ɗora wa mutum ɗaya kaya uku da basa haɗuwa. Bishop uban fadansa ne, wataƙila shi ya ɗora masa hannu ranar naɗi, wataƙila tare suka yi seminari, makarantar horar da fada, ko ya koyar dashi, ya san mahaifiyarsa. Shine kuma shugaban da sunan dayosis da asusunta ke wuyansa, wanda ya san in magana ta fita jaridu za su ɗauka lauyoyi za su zo. Sannan shine alƙalin farko da zai ce wannan ƙarar tana da kamannin gaskiya ko bata da shi. Ko waliyyi ne aka ba wannan aikin zuciyarsa sai ta karkata, dan fadan yana gabansa yana kuka yana rantsuwa, yaron kuma baƙo ne a wajensa, da kyar ma yake iya haɗa magana dan kunya. Ba zagin ku nake ba, tausayin ku ma nake ji. Shi ya sa nake roƙon ku sauke wannan kashi na ukun daga kanku da hannunku. Ku kafa kwamiti wanda mafi yawansa ba fada bane, da mata a ciki, da likita, da lauya, da wanda ya san aikin bincike, da wanda abin ya taɓa shafa in ya yarda, mutanen da albashinsu baya fitowa daga aljihun dayosis kuma baza a iya sallamar su dan sun faɗi abin da ba a so ba. Bishop-bishop na Amurka sun yi irin haka a yarjejeniyar Dallas ta Yunin 2002, suka kuma yarda cewa wanda aka tabbatar ya taɓa yaro ko sau ɗaya ne ya bar hidima har abada. Har yau wannan ƙa'idar bata zama dokar coci a duk duniya ba, kuma ni ban ga dalilin da zai sa yaron wata ƙasa ya fi na wata samun kariya a coci ɗaya ba.

Sai maganar amsa. Wannan ƙaramin abu ne a ido amma shine yake kashe mutane a tsaye. Marie Collins, 'yar Ailan wacce wani fada ya lalata tana yarinya a asibiti, tana cikin mutanen farko da Fafaroma Francis ya naɗa a hukumar kare yara da ya kafa a 2014. A Maris 2017 ta ajiye aikin, kuma abin da tace ya kai ta maƙura shine wani ofishin Vatikan ya ƙi yarda da shawara mai sauƙi cewa duk wasiƙar da wanda aka cuta ya aiko a bashi amsa. Amsa kawai fa. In mace irin ta, wacce Fafaroma da kansa ya gayyata, ta gaji ta fita, ina ga talakar da bata san kowa ba? A shari'ar coci mai ƙara kusan shaida ne kawai, ya faɗi nasa ya koma gida, fayil ya tafi Roma, shekaru su wuce, wani lokacin a bakin mutane zai ji an gama. Me zai hana duk wanda ya kawo ƙara a rubuta a gabansa, a karanta masa, ya sa hannu, a bashi kwafi da sunan mutum ɗaya da zai dinga kira, a kuma dinga sanar dashi inda aka kwana ko da labarin shine har yanzu ana jira? Wannan baya buƙatar izinin Roma, gobe ma in kun ga dama za a fara.

Maganar 'yan sanda kuma nasan tana da ɗaci a kunnen wasunku. Vos estis bata wajabta kai ƙara ga hukuma a ko'ina ba, cewa tayi a bi dokar ƙasar da ake ciki, kuma na fahimci akwai ƙasashen da ake tsananta wa coci inda za a iya fakewa da wannan a cuci bayin Allah. Amma littafin jagoran ya ƙara da cewa ko dokar ƙasa bata tilasta ba, a kai rahoto in hakan ne zai kare wanda aka cuta ko wasu yaran. Lalata yaro zunubi ne, kuma laifi ne a dokar ƙasa, mafi girman abin da kotun coci za ta iya shine ta cire wa mutum rigar fada, bata da gidan yari, bata iya hana shi zuwa ya nemi aikin koyarwa a makarantar da ba a san shi ba. In malamin makaranta ne ko direba yayi wa ɗan wani haka ba wanda zai ce a sasanta a ofis. Kuma dan Allah a daina ba iyaye kuɗi da sharaɗin su yi shiru. Taimakon magani da na makaranta haƙƙinsu ne, a basu ba tare da an saye bakinsu ba.

Akwai kuma abin da ya fi wuyar faɗa, wato in bishop ne da kansa ake zargi, ko shi ya rufe. Theodore McCarrick ya kai har kadinal a Washington alhali maganar abin da yake yi da ɗaliban seminari ta daɗe tana yawo a tsakanin manya, har Kadinal John O'Connor na New York ya rubuta gargaɗi a 1999, amma aka yarda da musun da shi McCarrick ya rubuta aka ɗaga shi a 2000. Sai a 2019 aka cire shi daga zama fada, a Nuwamban 2020 Vatikan ta fitar da rahoto mai shafi sama da 400 a kan yadda aka yi hakan ta faru. Na yaba da fitar da rahoton, amma irin sa nawa muka gani tun daga lokacin? Sau da yawa sai dai mu ji bishop ya ajiye aiki an karɓa, ba dalili, kowa yayi ta hasashe. A tsarin yanzu babban bishop na yanki ne yake binciken ɗan'uwansa bishop, mutanen da suke zama taro ɗaya suna cin abinci tare. Ku da kanku kun san nauyin da ke cikin haka.

Abin da yake bani ƙarfin gwiwa shine na ga Fafaroma da kansa yayi kuskure ya kuma dawo. A Janairun 2018 a ƙasar Chile, Francis ya kare Bishop Juan Barros wanda ake zargi da rufa wa Fada Fernando Karadima asiri a kan lalata da yara, har ya kira zargin ƙazafi. Mutane suka ji ciwo sosai. Bayan 'yan kwanaki ya tura babban bishop Charles Scicluna ya je ya saurari mutane ɗaya bayan ɗaya, da rahoton ya dawo ya rubuta a Afrilu cewa yayi manyan kurakurai wajen auna lamarin, ya gayyaci waɗanda aka cuta gidansa ya roƙi gafararsu, a Mayu bishop-bishop na Chile gaba ɗaya suka miƙa takardar ajiye aiki, a Satumba aka cire Karadima daga zama fada. Cocin bata rushe ba dan Fafaroma yace nayi kuskure. Ni kam a ranar na fi jin ina alfahari da ita.

Kada kuma a taƙaita maganar a kan yara kaɗai. Akwai sistoci, akwai ɗaliban seminari, akwai matar da ta je neman shawara aurenta na tangal-tangal, akwai yarinyar da fada ke biya wa kuɗin makaranta. Da an ce ta haura 18 sai a ce ai da yardarta, a manta cewa wanda yake riƙe da makomarka ko yake jin furcin zunubanka ba tsaranka bane. Tun 1994 Sista Maura O'Donohue ta rubuta wa Vatikan rahoto a kan fada masu cin zarafin sistoci a ƙasashe 23, sai a Fabrairun 2019 Fafaroma Francis ya amsa a bainar jama'a cewa abin gaskiya ne. Shekara 25 kenan. Ga kuma Fada Marko Rupnik, shahararren mai zanen majami'u, wanda mata da dama da suka taɓa zama sistoci suka zarga, aka rufe maganar a 2022 wai wa'adi ya wuce, ƙungiyar fada ta Jesuit da yake ciki ta kore shi a 2023, wata dayosis a Sulobeniya ta karɓe shi, sai da duniya tayi ca kafin Fafaroma ya ɗage wa'adin a Oktoban shekarar dan a yi shari'a. Abin da ƙaramar sista za ta koya daga wannan shine in wanda ya cuce ki babba ne sai kin samu jaridu a bayanki kafin a saurare ki, kuma wannan darasi ne mai muni.

Nasan abin da wasunku za su ce, to fadan da aka yi wa ƙarya fa? Tambaya ce mai kyau kuma ina da fada waɗanda nake ƙauna kaman 'yan uwana na jini, masu tafiya cikin dare su kai wa mara lafiya shafewa, bana so a taɓa ko gashin kansu da ƙarya. Ƙazafi yana faruwa. Kadinal Joseph Bernardin na Chicago an zarge shi a 1993, wanda ya zarge shi ya janye a 1994, daga baya ma suka haɗu suka sulhunta. Kadinal George Pell yayi kwana sama da 400 a kurkuku kafin babbar kotun Ostareliya ta soke hukuncin a Afrilun 2020. Dokar coci ma ta ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar. Amma ku lura, abin da yake wanke mutum shine bincike a fili da sakamako a fili. Fadan kirki shine ya fi kowa cin riba in akwai tsari mai gaskiya, dan in an wanke shi mutane za su yarda an wanke shi. A tsarin ɓoye-ɓoye kuwa duk fadan da aka ce ya tafi karatu sai an bishi da ido, har wanda karatun ya tafi da gaske. Dakatar da mutum na ɗan lokaci ana bincike, a gaya wa jama'a gaskiyar dalili da kalmomi masu mutunci, a kuma dawo a gaya musu yadda ta ƙare, in an wanke shi bishop ya zo da kansa ya tsaya a bagade ya maida masa da sunansa, wannan ya fi masa alheri sau dubu.

Sannan ina roƙo da babbar murya a daina amfani da gafara a toshe bakin mutane. Gafara tamu ce, ita muke koya wa yara, kuma na yarda babu zunubin da ya fi ƙarfin jinƙan Allah. Amma a katikizim ɗin da kuka bamu mu koyar an ce tuba tana tafiya da furci da gyaran ɓarna. Ana iya gafarta wa mutum a kuma hana shi kusantar yara har ƙarshen ransa, ba saɓani a ciki. Kuma ba wanda ya cuta ko abokansa ne za su sa wa wanda aka cuta ranar yafewa ba. Shi Ubangijinmu da ya yafe wa waɗanda suka gicciye shi, shine yace wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe gara a rataya masa dutsen niƙa a wuya a jefa shi teku. In ana maganar abin kunya a tuna cewa abin kunyar ya riga ya faru a ranar da aka taɓa yaron, uwar da ta zo ofis labari kawai ta kawo.

Gyara kayanka baya zama sauke mu raba, iyayenmu. Bana neman sabuwar doka daga Roma, Fafaroma Leo na yanzu ya gaji isassun dokoki daga magabatansa. Ina roƙon kowannenku ya koma dayosis ɗinsa ya buɗe kabad ya duba fayil ɗin duk fadan da aka taɓa sauya wa wuri cikin gaggawa, ya tambayi kansa me ya sa, ina yake yanzu, su wa ke kusa dashi. In za ku tura fada wata dayosis ko wata ƙasa ku rubuta wa bishop ɗin can gaskiyar abin da ke fayil ɗin, kada ku bashi takardar yabo dan ku rabu da ƙaya. Kowace shekara ku gaya mana ƙara nawa aka kawo, nawa aka tura Roma, nawa aka kai wa hukuma, nawa aka gama, ba sai da sunaye ba. Ku nemi waɗanda suka taɓa zuwa aka sallame su da nasiha, ku ku je wajensu, kada ku jira su sake hawa matakalar ofis ɗin da aka kunyata su.

Lahadi mai zuwa ina da aji bayan mas na farko, yara wajen talatin, iyayensu sun miƙo min su da zuciya ɗaya. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai iya tsayawa bayan kowa ya watse, yana murza bakin rigarsa, yace malama ina so in gaya miki wani abu. Ina so kafin ranar ta zo in san sunan wanda zan kira, da lambarsa, in kuma iya kallon idon yaron in ce masa za a rubuta, za a bincika, kuma za a dawo mana da amsa. Ita ma uwar nan har yanzu lambarta bata canza ba, tana nan a inda ta bar ta a ofis.

'Yarku a cikin Almasihu,
wata mai koyar da katikizim